Kiɗan Rok na Dauri da Gidajen Rediyon da Suka Raine Shi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa laluben tashoshin FM na Amurka ta intanet, ko ya shiga motar haya a Chicago ko Houston, da wuya bai ci karo da wata tasha mai kiran kanta ta kilasik rok ba. Jita na kuka, ganga na dukan ƙirji, wani mai kaurin murya ya faɗi sunan tasha, a jero talla, a koma kan waƙar da aka saka jiya da shekaranjiya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan kiɗa da tashoshin da ke ɗauke da shi.

Mene ne kilasik rok?

Suna ne da masu gidajen rediyo suka raɗa. Babu mawaƙin da ya shiga situdiyo a 1971 ya ce yau kilasik rok zan yi. Led Zeppelin da Rolling Stones da The Who da Pink Floyd da Eagles da Queen da Fleetwood Mac da AC/DC, kowannensu rok kawai yake yi, sabo fil a zamaninsa, kuma salonsu ya sha bamban ƙwarai. Wasu hayaniya ce zalla, wasu sun fi kusa da kiɗan ƙauyen Amurka, wasu kuma waƙa ɗaya kan ci rabin faifai. Sai a shekarun 1980 aka tattara su a kwando ɗaya aka liƙa musu suna ɗaya, don a sayar wa masu talla da kunnuwan mutanen da suka girma da su. Saboda haka idan an ce kilasik rok, abin da ake nufi shi ne waƙoƙin rok na tsakiyar shekarun 1960 zuwa na 1980 waɗanda rediyo ya zaɓa ya riƙe. Waɗanda bai riƙe ba, ko da sun fi kyau, ba sa cikin lissafi.

Shi rok ɗin daga ina ya fito?

Daga kiɗan baƙar fatar Amurka: bulus na kudancin ƙasar, da kiɗan coci, da abin da ake kira ridim an bulus, suka gauraya da kiɗan ƙauye na Turawa. Sister Rosetta Tharpe tana kaɗa jita mai lantarki tun kafin a san Elvis Presley. Chuck Berry da Little Richard da Fats Domino su suka shimfiɗa tabarmar a shekarun 1950. Wani mai saka faifai, Alan Freed, ya fara watsa irin wannan kiɗa ga matasa farare da baƙaƙe a tashar WJW ta Cleveland a 1951, shi ya yayata sunan rok an rol, sannan ya koma WINS ta New York a 1954.

Samarin Ingila suka ji faya-fayan bulus na Chicago suka haukace a kansu. Rolling Stones ma daga wata waƙar mawaƙin bulus Muddy Waters suka ɗauko sunansu. Daga 1964, lokacin da Beatles suka sauka Amurka, sai kiɗan ya koma gida da sabuwar riga, Amurkawa suka riƙa sayen kayansu daga hannun baƙi.

Me ake nufi da zubin tasha?

A Amurka da wuya ka sami tashar kasuwanci mai yin komai da komai, labarai da safe, wasan kwaikwayo da rana, kiɗa da dare. Kowace tasha takan zaɓi abu ɗaya ta tsaya a kansa dare da rana: wannan kiɗan ƙauye, waccan labarai zalla, wata wasanni, wata rok. Wannan zaɓi shi ne zubinta. Dalilin kuwa talabijin ne. Da ya shigo gidaje a farkon shekarun 1950 ya kwashe wasannin kwaikwayo da manyan taurari, sai rediyo ya rage da faifai da mai saka shi.

Todd Storz, mai tashar KOWH a Omaha, shi ake danganta wa zubi na farko mai ƙarfi, wato Top 40, zubin juya waƙoƙi arba'in da suka fi tashe. Labarin da ake bayarwa shi ne ya zauna a wata mashaya ya ga mutane suna ta jefa kwabo a akwatin kiɗa suna zaɓar waƙoƙi ƙalilan suna maimaitawa, har ma'aikatan wurin, bayan an tashi, suka sake zaɓar waɗannan dai. Ko haka aka yi ko ƙari ne, darasin da ya ɗauka ya zauna: mutum ya fi son abin da ya sani. Gordon McLendon a KLIF ta Dallas ya ƙara masa armashi, Bill Drake kuma ya tsuke shi a KHJ ta Los Angeles a 1965, waƙoƙi kaɗan, surutu kaɗan, komai a guje.

Me ya sa rok ya koma zangon FM?

Doka ce ta tura shi, ba son kiɗa ba. Edwin Armstrong ya ƙirƙiro FM tun 1933, amma shekaru da yawa ba a kula shi ba. Kuɗi yana AM. Masu tashoshi da yawa suna da lasisin FM a ajiye, abin da suke watsawa a AM shi suke zubawa a can ba tare da ƙarin ko sisi ba. A 1961 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta amince da watsa sitiriyo a FM. Daga baya ta kafa ƙa'idar da ta fara aiki a farkon 1967: a biranen da mutanensu suka haura 100,000, tasha ba za ta maimaita fiye da rabin shirinta na AM a FM ba.

Masu tashoshi suka wayi gari da awoyi fanko da ba su san abin da za su zuba ba. Mafi arha shi ne a ɗauko samari masu dogon gashi, a ba su ɗan albashi, a bar su da faya-fayansu. A daidai lokacin kuma rok ya fi ƙarfin ƙaramin faifai mai minti uku. Waƙar The Doors mai suna Light My Fire minti bakwai ce a babban faifai, sai da aka datse ta ta koma ƙasa da minti uku kafin tashoshin AM su karɓe ta a 1967. FM kuwa ya saka ta ɗungurungum, da sauti mai tsabta ta lasifika biyu. Kafin shekarun 1970 su ƙare, masu sauraron FM a Amurka sun zarce na AM.

Da gaske ne akwai lokacin da mai saka faifai ke saka duk abin da ya ga dama?

Da gaske ne, sai dai bai daɗe ba. Tom Donahue, wanda ya gaji da Top 40, ya karɓi wasu awoyi a KMPX ta San Francisco a 1967, tashar da ke daf da durƙushewa. Ya hana ihu, ya hana waƙoƙin talla na tasha, ya ce a yi magana kamar ana hira a zaure. Mai saka faifai yana iya jera bulus da jaz da kiɗan sitar na Indiya da Jimi Hendrix a awa ɗaya, ko ya ɗora fuskar faifai guda ya bar ta ta ƙare. Bayan yajin aiki a 1968, shi da mutanensa suka koma KSAN. A New York akwai WNEW-FM da su Scott Muni da Alison Steele mai shirin tsakar dare, a Boston akwai WBCN, a Philadelphia WMMR, a St. Louis KSHE.

Ƙarfin wannan zamani shi ne kunnen mutum ɗaya yana iya ɗaga ƙungiya. A 1974 Donna Halper, mai kula da zaɓen kiɗa a WMMS ta Cleveland, ta sami faifan wasu 'yan Kanada da ba wanda ya san su, Rush. Ta sa aka saka waƙarsu Working Man. Cleveland garin masana'antu ne, leburori suka ji kamar da su ake, waya ta yi ta ƙara, wasu ma suna tambaya ko sabon faifan Led Zeppelin ne. Cikin ɗan lokaci kamfanin Mercury ya ɗauke su.

Masu kewar wannan zamani sukan manta da ɗaya ɓangaren. Wani dare za ka dace da gwani, wani dare kuma ka faɗa hannun wanda zai ɗora maka kiɗan ganga na minti ashirin don ya fita shan taba.

To me ya kashe shi?

Kuɗi ya shigo. Da masu tashoshi suka ga FM ya fara kawo riba, sai suka daina barin sa a hannun yara. Aka kawo masu ba da shawara, fitacce a cikinsu Lee Abrams, wanda tare da Kent Burkhart suka sayar wa tashoshi da dama wani tsari mai suna SuperStars. Dabarar ita ce a riƙe kamannin 'yanci, murya a kwance, waƙoƙi daga babban faifai, amma jerin abin da za a saka ya fito daga ofis, a kan kati, bisa binciken abin da samari ke saye. Wannan zubi shi aka sani da AOR, wato rok mai dogaro da albam. Shi ya gina ƙungiyoyi irin Boston da Foreigner da Journey da Styx, shi kuma ya mayar da Stairway to Heaven abin da ta zama. Waƙar ta fito a 1971, ta kai kusan minti takwas, Led Zeppelin suka ƙi sakin ta a ƙaramin faifai. Mai son ta sai dai ya sayi albam ɗin ko ya jira rediyo.

Wa ya fara tashar kilasik rok?

Kowa na jan bargon, amma sunaye biyu sun fi fitowa. A 1983 Paul Christy ya juya KRBE ta AM a Houston ta koma saka rok na shekarun 1960 da farkon 1970 kawai, ba sabuwa ko ɗaya. A 1985 Fred Jacobs, wanda ya yi aiki a WRIF ta Detroit, ya kafa zubin a FM a tashar WMMQ da ke yankin Lansing a jihar Michigan, daga nan ya bazu.

Abin da Jacobs ya lura da shi mai sauƙi ne. Tashoshin AOR sun shiga tsaka mai wuya. MTV, tashar talabijin mai nuna bidiyon waƙoƙi, ta buɗe a watan Agusta na 1981, sababbin ƙungiyoyi masu kiɗan na'ura da kwalliyar fuska suka cika gari. In tasha ta saka su, manya su murɗe. In ta saka tsofaffi, yara su gudu. Su kuwa manyan, waɗanda aka haifa tsakanin 1946 da 1964, su ne tulin al'umma, sun kama aiki, suna sayen mota da gida da inshora. Sai aka ce a ba su tasharsu su kaɗai. Faifan CD ma ya taimaka, don ya shigo kasuwar Amurka a 1983, mutane suka riƙa sake sayen albam ɗin da suke da shi tun suna makaranta. Kamfanonin faifai abin nema ya samu.

Me ya sa kullum waƙoƙi ɗaya suke maimaitawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma amsarta ita ce zuciyar sana'ar. Mai sauraro ba shi ne abokin cinikin tasha ba. Mai talla ne ke biya, abin da yake saye kuwa adadin kunnuwa ne, musamman na 'yan shekara 25 zuwa 54. Kamfanin da ke ƙidayar kunnuwan a da shi ne Arbitron, kafin kamfanin Nielsen ya saye shi a 2013 ya ci gaba da aikin. Da can littafi ake raba wa mutane su rubuta abin da suka saurara a mako. Daga 2007 aka fara amfani da wata 'yar na'ura a manyan birane, mutum ya rataya ta, ita kuma tana jin wata ɓoyayyiyar alama a cikin sautin tasha tana rubutawa. Da wannan na'ura, manajan shirye-shirye yana iya ganin mintin da mutane suka murɗe. Abin da ya gani kuwa shi ne baƙuwar waƙa tana korar mutane, sananniya tana riƙe su.

Don haka ake gwajin waƙoƙi. A tara mutane a zaure, ko yanzu ta intanet, a saka musu gutsuren kowace waƙa na 'yan daƙiƙoƙi, daidai wurin da ya fi kama kunne, su ba da maki: na san ta, ina son ta, na gaji da ita. Waɗanda suka tsallake su ne ke shiga jeri, kuma jerin ba ya wuce 'yan ɗaruruwa. Sai a raba su aji-aji, manya su riƙa dawowa kusan kullum, na ƙasa jefi-jefi. Kowace awa tana da taswira kamar fuskar agogo: nan babbar waƙa, nan sunan tasha, nan talla, nan waƙar shekarun 1980. Kwamfuta ce ke cike gurbin, tana kiyaye kada mawaƙi ɗaya ya biyo kansa, kada masu sanyi biyu su haɗu.

Akwai kuma lissafin da mai ƙorafi ba ya yi. Yawancin mutane a mota suke saurare, minti ashirin zuwa aiki, minti ashirin dawowa. A wurinsu babu maimaici. Wanda ke jin ɗumamen shi ne makanike ko mai shago da ke barin rediyo a kunne tun safe har yamma, kuma irinsa ba su kai a sauya tsari dominsu ba.

Ɓarnar dai tana nan. Ƙungiyar da ta yi albam goma sha biyar sai a taƙaita ta a waƙa uku. Wanda ya san Thin Lizzy ko Deep Purple ta rediyo kawai, gefen kunnensu ya gani. Wani nazari da shafin FiveThirtyEight ya yi a 2014 a kan tashoshi 25 na tsawon mako guda ya nuna fiye da rabin abin da aka saka ya fito ne daga shekara goma kacal, 1973 zuwa 1982.

Idan na buga waya na roƙi waƙa, za a saka?

In tana cikin jeri, kuma dama lokacinta ya kusa, za a saka a ce kai ka roƙa. Kada ka ɗauka irin Zaɓi Sonka ne.

Shekara nawa waƙa za ta yi kafin ta shiga?

Babu ƙa'ida a rubuce. Taga ce mai tafiya tare da shekarun masu sauraro. A 1985 Beatles da Cream da Jefferson Airplane su ne ginshiƙi. Yau an rage na shekarun 1960 sosai, an cusa Guns N' Roses da Bon Jovi da Metallica, har Nirvana da Pearl Jam da Green Day na shekarun 1990. Wannan na ƙarshe yana ba wasu haushi, tunda Nirvana da albam ɗinsu na 1991 sun zo ne suna yi wa tsohon rok tawaye, ga shi yau an jera su kusa da waɗanda suka raina. Mai talla ba ruwansa da tawaye. Ɗan shekara 45 yake nema, ɗan shekara 45 na yau kuwa da Nirvana ya yi samartaka.

Mene ne bambancinsa da sauran zubin rok?

Iyakokin ba su da kaifi, amma a kasuwa ana rarrabe su. Akwai zubin tsofaffin fitattu, wanda WCBS-FM ta New York ta shahara da shi tun 1972. Shi ya fi karkata ga gajerun waƙoƙin da suka hau jadawalin waɗanda suka fi tashe, rok ne ko fof ko sol, kuma a yau ya rikiɗe ya zama abin da ake kira kilasik hits, mai yawan kayan shekarun 1980. Akwai aktif rok, mai nauyi da ƙara, yana haɗa sababbi da tsofaffi don samari. Akwai oltanatif, wanda KROQ ta Los Angeles ta yi wa hanya a hannun Rick Carroll daga ƙarshen shekarun 1970. Akwai wanda ake kira Triple A, irin na WXRT a Chicago da KBCO a Boulder, jeri mai faɗi, murya a natse, shi ne ya fi kama da jikan zamanin Donahue. Sai Jack FM, da ya fito daga Vancouver a 2002, mai alfaharin cewa abin da ya ga dama yake sakawa, alhali shi ma kwamfuta ce da jeri, sai dai jerin ya fi tsawo kuma sau da yawa babu mai magana.

Lokacin da aka mayar da WCBS-FM ta zama Jack a 2005, mutanen New York suka yi ca, masu sauraro suka watse. A 2007 aka dawo da tsohon zubin.

In baƙar fata suka haifi rok, ina suke a waɗannan tashoshi?

Ka saurara yini guda, za ka ji Jimi Hendrix, ka ji Phil Lynott na Thin Lizzy, wataƙila Lenny Kravitz ko Living Colour. Shi ke nan kusan. Tashoshin farko na FM suna saka Sly and the Family Stone da Stevie Wonder ba tare da wani tunani ba. Da masu ba da shawara suka zo suka ce abin nema shi ne saurayi Bature na bayan gari, sai aka riƙa tace jerin har ya yi fari. Ƙiyayyar disko ta ƙara rura abin. A ranar 12 ga Yuli 1979, Steve Dahl na tashar WLUP ya tara jama'a a filin besbol na Comiskey Park a Chicago aka fasa tulin faya-fayan disko da nakiya, taron ya rikice har aka fasa wasa na biyu cikin wasanni biyun da aka shirya a ranar. Har yau ana gardama ko kiɗa kawai aka tsana a daren ko har da masu yin sa. A 1985 Vernon Reid na Living Colour da abokansa suka kafa ƙungiyar baƙaƙen 'yan rok mai suna Black Rock Coalition saboda wannan wariya.

A wajen kuɗi ma an sha yin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mawaƙin bulus Willie Dixon ya kai Led Zeppelin kotu a 1985 a kan baitocin Whole Lotta Love, aka sasanta a waje, yanzu sunansa yana cikin marubutan waƙar.

Mata ma rabonsu kaɗan ne: Heart, Janis Joplin, Stevie Nicks da Christine McVie, Pat Benatar, Joan Jett.

Ana ba masu saka faifai cin hanci?

An yi, har yana da suna, payola. A 1959 da 1960 majalisar dokokin Amurka ta binciki lamarin. Alan Freed ya rasa aikinsa, ya amsa laifi a 1962, ya mutu a 1965 yana ɗan shekara 43, ba shi da komai. Dick Clark, mai gabatar da shirin kiɗa a talabijin, ya sayar da hannun jarinsa a kamfanonin kiɗa ya tsira. Doka ta ce in an biya don a saka waƙa, dole a faɗa wa mai sauraro. Wani sakamakon da ba a cika ambata ba shi ne tashoshi sun ƙwace zaɓi daga hannun mai saka faifai sun ba manaja. Abin bai mutu ba, dillalai ya koma bi. A 2005 babban lauyan jihar New York, Eliot Spitzer, ya sa Sony BMG ya biya dala miliyan 10. Kilasik rok dai ba shi ne filin wannan wasa ba, don ba mai ba da toshiya a saka waƙar da ta shekara hamsin.

Mawaƙan suna samun kuɗi in an saka waƙarsu?

A Amurka, tashar AM ko FM tana biyan wanda ya rubuta waƙar da mai haƙƙin wallafa ta, ta hannun ƙungiyoyi irin ASCAP da BMI. Wanda ya rera ko ya kaɗa, in ba shi ya rubuta ba, ba ya samun ko kwabo. Hujjar masu rediyo ita ce talla suke yi masa kyauta. Rediyon tauraron ɗan'adam da na intanet su suna biyan duka biyun, haka ma yawancin ƙasashen Turai. Shi ya sa haƙƙin rubutu ya zama kadara. Bob Dylan ya sayar wa Universal nasa a 2020, Bruce Springsteen ya sayar wa Sony kayansa a 2021 a kan kuɗin da jaridu suka ce ya kai wajen dala miliyan 500. Da tsohuwar zuma ake magani.

Haka abin yake a Birtaniya?

A'a, can hanya daban aka bi. A wancan lokacin BBC ce kaɗai ke da iska, kuma yarjejeniya da ƙungiyar makaɗa ta taƙaita awoyin da za ta saka faifai. Matasa sai su kamo Radio Luxembourg da dare. A 1964 Ronan O'Rahilly ya ɗora tasha a kan jirgin ruwa a wajen iyakar ruwan ƙasar, Radio Caroline, wasu suka biyo baya. Gwamnati ta haramta hulɗa da su a watan Agusta na 1967, a ranar 30 ga Satumba kuma BBC ta buɗe Radio 1 ta ɗauki da yawa daga cikin masu saka faifai na tashoshin tekun aiki. Cikinsu har da John Peel, wanda ya yi ta saka abin da ba mai sakawa har rasuwarsa a 2004. Tommy Vance ya riƙe shirin rok na daren Juma'a daga 1978 zuwa 1993.

Can ma kunnen mutum ɗaya ya taɓa juya kasuwa. A 1975 ana ganin waƙar Queen mai suna Bohemian Rhapsody ta yi tsawo, kusan minti shida, ba tashar da za ta ɗauka. Kenny Everett na Capital Radio ya sami kwafinta ya yi ta saka ta a ƙarshen mako, ta je ta yi mako tara a saman jadawali. Tashoshin rok zalla irin Planet Rock sai a 1999 suka zo, a rediyon dijital.

Mai maganar nan da nake ji, yana cikin garin kuwa?

Ba lallai ba. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani zai mallaka a faɗin Amurka, ta kuma yarda ya riƙe har takwas a babban birni ɗaya. Kamfanin Clear Channel ya haɗiye tashoshi wajen 1,200, a 2014 ya koma iHeartMedia. Don rage kashe kuɗi, mutum ɗaya a wani gari yakan naɗi surutun shirin awa huɗu cikin ƙasa da awa guda, kwamfuta ta jera shi tsakanin waƙoƙi a garuruwa da dama, har da ambaton sunan unguwa don a ji kamar ɗan gida ne. Bashin sayen tashoshin bai bar kamfanonin lafiya ba: Cumulus ya nemi kariyar fatara a 2017, iHeartMedia a 2018, Audacy a 2024.

Me ya sa sunayen tashoshin ke farawa da K ko W?

Rabon haruffa ne na ƙasa da ƙasa. A cikin Amurka, yammacin kogin Mississippi K, gabashinsa W, ban da wasu tsofaffi irin KDKA ta Pittsburgh da suka riga ƙa'idar.

Akwai abin da ya haɗa wannan kiɗa da Najeriya ko Nijar?

Akwai, kuma ba kaɗan ba. Ginger Baker, mai gangar Cream, ya zauna a Legas a farkon shekarun 1970, ya kafa situdiyo, ya yi faifai da Fela Kuti. Paul McCartney na Beatles da sabuwar ƙungiyarsa Wings sun naɗi yawancin albam ɗin Band on the Run a situdiyon EMI na Legas a 1973. A zaman ne 'yan fashi suka tare shi suka tafi da kasusuwan gwajinsa, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka har sai da ya saka masa abin da suke naɗa ya ji. Waƙar da ke ɗauke da sunan albam ɗin har gobe tana cikin jerin tashoshin kilasik rok. A lokacin Najeriya na da nata 'yan rok, irin BLO da Ofege da Funkees.

A Nijar kuwa igiyar jita ce ta haɗa. Bombino na Agadas ya koyi hannu yana kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler, Dan Auerbach na Black Keys ya shirya masa albam ɗin Nomad a 2013. Mdou Moctar, bahago kamar Hendrix, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, waƙoƙinsa suka fara yawo daga waya zuwa waya a kasuwannin Sahel kafin su kai Amurka. Robert Plant na Led Zeppelin da kansa ya je bikin kiɗan hamada a Essakane ta Mali a 2003. Sai dai ba za ka ji Bombino ko Mdou Moctar a tashar kilasik rok ba. Wurinsu tashoshin jami'a da na al'umma, irin KEXP ta Seattle.

Zubin yana mutuwa ne?

Manyan sunaye da yawa sun tafi. KMET ta Los Angeles ta rufe rok a 1987, WNEW-FM a 1999, WBCN ta bar FM a 2009. WLUP, tashar da ta fasa faya-fayan disko, an sayar da ita a 2018 ga wata cibiyar kiɗan Kirista, haka WAAF ta Boston a 2020. Tashoshin sabon rok su suka fi shan wuya, don matasa sun koma hip-hop da waya.

Kilasik rok shi ya fi jurewa. Kusan kowane babban birnin Amurka yana da tasharsa, SiriusXM, rediyon tauraron ɗan'adam, ma ta raba shi tashoshi da dama, ɗaya ta zamanin garmaho, ɗaya ta zamanin kaset, ɗaya ta waƙoƙin da FM ya watsar. Kuma yara suna shigowa ta ƙofofin da ba rediyo ya buɗe ba, ta fim da wasan bidiyo da motar uba. A 2020 wani mutum a jihar Idaho ya ɗauki kansa a TikTok yana gangarawa a kan allon taya, yana shan ruwan 'ya'yan itace, yana bin waƙar Dreams ta Fleetwood Mac. Waƙar ta 1977 ce, ta sake hawa jadawalin Billboard bayan shekara 43. KSHE ta St. Louis, da ta fara rok a 1967, da WMMR ta Philadelphia, da ta fara a 1968, duk suna nan a kan zangonsu.